Hoton da rana ke bayan mutum: wane app za ka ɗauka kafin ka kashe kuɗinka

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto ranar Sallah bayan an sauko daga idi ya san wannan wahalar. Mutum ya sha farar shadda, hula ta zauna, ka juya shi rana tana bayansa don kar ya riƙa runtse ido, ka danna, sai ka ga sama tar, shadda na ƙyalli, amma fuskar kamar an ɗauke wuta. Kyamara tana auna hasken da ya fi yawa ne a hoton, to sama da farin kaya sun rinjaye ta sai ta rage haske, fuska ta faɗa inuwa. Mu masu duhun fata kuma abin ya fi kama mu.

Yawanci abin da mutane ke yi shi ne su ja Brightness sama, nan kuwa ake ɓata hoton gaba ɗaya, don komai yake haskawa har saman da dama ya yi fari, ɗinkin rigar ma ya ɓace. App ɗin da kake nema sai ya iya abu biyu, ya ɗaga inuwa kaɗai, sannan ya bar ka ka haska fuskar ita kaɗai ba tare da taɓa bayanta ba. Wanda bai iya na biyun ba kar ka ba shi ko sisi.

Ni dai da Snapseed nake cewa a fara. Na Google ne, tun 2012 da suka sayi kamfanin Nik da ya ƙirƙire shi, kyauta ne, ba talla, kuma ba ya buƙatar data yayin aiki. Ka shiga Tune Image ka ɗaga Shadows, ka sauke Highlights kaɗan, sai ka koma Selective ka ɗora ɗigo a kumatu, ka sa yatsu biyu ka rage faɗinsa har jan launin da ke nuna wurin da ka zaɓa ya tsaya a fuska da wuya, sannan ka ƙara haske a hankali. Abin burgewa shi ne yana bin launin wurin da ka taɓa, shi ya sa ba ya cika zubewa kan hula ko mayafi. Inda yake gajiyarwa, hoto ɗaya-ɗaya ake yi, in hoton biki ne guda ɗari uku wallahi sai yatsanka ya sage.

A nan Lightroom na Adobe ya fi shi. Na kyautan yana da Shadows da Color Mix, kuma Color Mix ɗin nan yana da rana, domin fatar da aka ciro daga inuwa takan fito toka-toka kamar ta mai muku-mukun sanyin hunturu da bai shafa mai ba, ko ta ɗan yi shuɗi saboda hasken sama ne ke dukanta. Ka ɗan ƙara ɗumin launi, ka taɓa launin ruwan lemo kaɗan, sai jini ya dawo fuska. Amma Masking, wanda tun 2021 yake zaɓo mutum da kansa har gefen ɗankwali, wannan sai ka biya, kuma ba saye ba ne, haya ce, wata-wata, ka daina biya a rufe maka. In sana'arka ce hoto kuɗin zai fito, don ka gyara ɗaya ka kwafa gyaran kan sauran da aka ɗauka a wuri ɗaya. In don sitatus ne kawai, bari kawai malam. Waɗancan app na bayan fage da ake turawa a guruf wai an buɗe komai, ba ka san me aka cusa a ciki ba.

Su Remini da ire-irensu kuwa ba haska fuskar suke yi ba, sake zana ta suke da hasashe. In duhun ya yi yawa sukan goge tabo da zanen fuska, fata ta koma kamar roba, kyau dai ga shi amma ba mai shi ba ne. Amarya ta biya kuɗin kwalliya, ka kawo mata wata fuskar?

Sai abin da ba a cika faɗa ba, fayil ɗin da ka fara da shi ya fi app tasiri. JPEG matakin haske 256 gare shi a kowane launi, RAW na kyamara kuwa, wato ɗanyen fayil ɗin da ba a sarrafa ba, 4,096 ne ko 16,384, shi ya sa inuwarsa ke ɗagowa da kyau, na JPEG kuwa in ka matsa masa sai tsaki-tsaki su fito kamar an watsa yashi. Ka duba Pro a kyamarar wayarka, wasu suna da RAW, kuma Snapseed yana buɗe DNG, irin RAW ɗin da wayoyi suka fi fitarwa. Mai kwamfuta da ba ya son biya ga Darktable nan kyauta, sai dai koyonsa na son haƙuri. In kuma turo maka hoton za a yi ta WhatsApp, ka ce a turo shi a Document, in ba haka ba an riga an matse shi, ba abin da ya rage a inuwar da za ka ciro.

Ni kuɗin hayar Lightroom na wata ɗaya na fi so in sa shi a rifilekta, faifan nan mai gefen fari da na azurfa da ake naɗewa. Kafin in saya da farin zanin gado nake yi, yaro ɗaya ya riƙe a gaban mutum daga ƙasa-ƙasa ya maido masa da hasken ranar a fuska, in ba yaro a kusa sai in kunna filasha ko da tsakar rana ce.