Ofishin gyaran takardun neman gurbin bincike a Unguwar Rimi

Ɗan ƙaramin ofishi ne a saman bene, suna gyara wa masu digirin digirgir takardun neman aikin bincike a waje. Na kai musu tawa ta tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai. Aikina haɗa sinadaran da ke manne wa sukarin jikin ƙwayoyin halitta ne, fagen da Carolyn Bertozzi ta ci kyautar Nobel a 2022 tare da Meldal da Sharpless.

Ƙa'idoji kam sun haddace su. Ban gama zama ba wata Hajiya da ke ofishin ta ce, "Dakta, yaushe ka kammala?" Domin wanda ya haura shekara 8 yana bincike bayan digirin ba ya shiga, haka wanda ya zauna sama da wata 12 cikin 36 na baya a ƙasar da yake nema. Sun matse min bayanin aikin ya shiga shafi 10 da aka ƙayyade, Turancin ya fito tas.

Wajen matsewar ne aka yi ɓarna. Sun cire sakin layin da na bayyana dalilin guje wa jan ƙarfe: yana hanzarta haɗuwar sinadaran, amma guba ne ga ƙwaya mai rai. Nan fa zuciyar aikin take! Na mayar da abuna da kaina.

Kuɗinsu da ɗan nauyi, ga rashin wurin ajiye mota. Ka je don tsari da harshe, amma kimiyyar, ka ba wa abokin aikinka ya duba.