Tabarmar yoga mai ninkewa: shekara guda da ita a hanyoyin Kebbi

Sayen shinkafa shanshera ga masu casa ya sa ba na cika kwana huɗu a jere a gidana na Birnin Kebbi, domin idan yau ina Argungu, jibi ina Suru ko Bagudo, wani lokacin kuma hanya ta miƙe da ni ta Jega da Koko har Yauri. Zaman motar nan ne ya jawo mini ciwon ƙugu, kuma wani ma'aikacin gashin ƙashi ne ya koya mini wasu miƙe-miƙe na yoga da zan riƙa yi minti 20 bayan asuba. Na san asalin yoga daga Indiya take, kuma tana da alaƙa da al'adun addinin Hindu, saboda haka abin da na ɗauka a cikinta miƙa gaɓoɓi ne da daidaita numfashi, sauran kuwa na bar wa masu shi.

A gida ban taɓa fashi ba, amma da zarar na fita sai abin ya watse, saboda tabarmata ta farko mai kaurin milimita 6 naɗe ta ake yi kamar gammo, ba ta shiga jaka, kuma a motar haya ta zama abin rigima da direba. Wannan ne ya sa na yi odar irin wadda ake kira ta tafiya, ta intanet. Kaurinta milimita 1.5 ne kacal, tsawonta santimita 180, faɗinta 61, nauyinta kuma kusan kilo ɗaya, an yi ta da roba ta asali wadda ake samu daga ƙaron itace. Ana ninke ta kamar zane, ta kwanta a ƙasan jaka, a ɗora mata kaftani biyu da hula ba tare da zif ya yi gardama ba. Kuɗinta ya fi na mai kaurin nesa ba kusa ba, abin da ya ba ni mamaki da farko.

Inda ta fi burge ni shi ne riƙo. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, na yi amfani da ita a wani masauki a Yauri mai daɓen tayil, babu wuta, babu fanka, gumi na ɗiga daga haɓata. Akwai tsayuwar da mutum ke dafa ƙasa da tafukan hannu da na ƙafa, ya ɗaga ƙugu sama, wadda a tsohuwar tabarmata hannuwana kan zame a hankali har sai na sake gyarawa. A kan wannan kuwa tafin hannu kafewa yake yi, ita ma ba ta motsi a kan tayil. Ina cikin haka yaron da ke kawo ruwan wanka ya leƙo, ya tsaya jim, sannan ya ce cikin ladabi, "Alhaji, ai gabas nan take," yana nuna mini bangon da na ba baya. Sai da na zauna na yi masa bayani cewa ba sallaya ba ce.

Sai dai duk wanda ya saye ta yana neman laushi zai yi da-na-sani. Milimita 1.5 ba ta raba gwiwa da siminti, kuma a duk miƙewar da ake durƙusawa, ko wadda ake kwanciya rub-da-ciki a ɗago ƙirji kamar kumurci, ƙashi yana jin ƙasa sosai. Na gwada shimfiɗa ta a kan tabarmar leda, sai su biyun suka riƙa sulɓewa tare. A kan ta kaba kuma saƙar takan fito ta sa ta yi kumbura-kumbura. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce in ninka tawul in sa a ƙarƙashin gwiwa kawai, ko in shimfiɗa ta a kan kafet idan ɗakin yana da shi.

Warin roba ma sai an yi haƙuri da shi, don a makonnin farko har kayan sawata suka ɗauki wari irin na sabuwar taya, kuma wanda fatarsa ba ta jituwa da roba gara ya nemi wata irin. A hunturu ƙura tana manne mata, amma tsumma mai ɗan danshi ya isa, a shanya ta a inuwa. Maganar inuwar nan ba wasa ba ce, domin rana tana busar da irin wannan roba. Na taɓa manta ta a bayan mota wuni guda a kasuwar Jega, ɓangaren da rana ta doka ya koɗe, ya rage riƙo, kuma bai dawo daidai ba har yau. Laifin nawa ne, tun da takardar da ta zo da ita ta yi gargaɗi, amma a ƙasa irin tamu rauni ne da ya kamata mai saye ya sani.

Ga wanda yake yin yoga a ɗakinsa kullum, ban ga dalilin da zai bar mai kauri ya koma wannan ba. Ni da rabin watana ke ƙarewa a masaukai, tun da ta shiga jakata safiyar da nake fashi ta ragu ƙwarai, ƙuguna kuma yana kai ni Yauri ba tare da na roƙi direba ya tsaya a Koko in miƙe ba. Idan wannan ta mutu zan sake sayen irinta, sai dai zan ɗinka mata jakar yadi mai kauri saboda rana.