Lamunin sayen gida: yadda za ka san abin da za ka riƙa biya duk wata kafin ka sa hannu

Mai neman lamunin gida yakan shiga banki da tambaya ɗaya: nawa zan riƙa biya a wata? Tambayar tana da kyau, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Dole a haɗa ta da ta biyu: in an gama, nawa na biya gaba ɗaya? Sau da yawa zaɓin da ya fi sauƙi a wata shi ne mafi tsada a ƙarshe.

Abubuwa uku ne ke haifar da kuɗin watan: uwar kuɗin da ka ranta, kason ruwa na shekara, da yawan shekarun biya. Mu ɗauki misali da kowane irin kuɗi kake amfani da shi. Gida na miliyan 12.5, ka ba da kafin alƙalami na kashi 20 cikin 100, wato miliyan 2.5, banki ya ranta maka miliyan 10 a kan ruwa kashi 6.

Idan za ka biya cikin shekara 30, kuɗin wata 59,955 ne. Cikin shekara 20, 71,643. Cikin shekara 15, 84,386. Ido yana ganin na farko sai zuciya ta kwanta. To duba jimilla: mai shekara 30 zai biya kusan miliyan 21.6, mai shekara 20 kusan miliyan 17.2, mai shekara 15 kuwa kusan miliyan 15.2. Wato mai dogon zango ya biya ruwan da ya fi uwar kuɗin yawa. Dalili shi ne ana lissafa ruwa ne a kan abin da ya rage a kanka. A watan farko na lamunin shekara 30, daga cikin 59,955 ɗin nan, 50,000 ruwa ne, 9,955 kacal ke rage bashin. Shekaru za su shuɗe kana biya, bashin yana nan kamar ba a taɓa shi ba. A ganina, wanda albashinsa zai iya ɗaukar biyan lamunin shekara 20 ba tare da ya takura iyalinsa ba, kada ya kai 30. Wanda ba zai iya ba, ya ɗauki mai tsawon, amma ya tabbatar yarjejeniyar ta ba shi damar ƙara biya a kan uwar kuɗi ba tare da tara ba.

Ga hanyar ƙiyasi mai sauƙi: a ruwa kashi 6, kowane miliyan 1 yana cin 8,439 a wata in shekara 15 ne, 7,164 in 20 ne, 5,996 in 30 ne. Ka ninka da yawan miliyoyin da za ka ranta.

Akwai wani tarko da nake so kowa ya sani, domin yana cin mutane ba su ankara ba. Wasu masu ba da bashi suna lissafa ruwa a kan uwar kuɗin farko har ƙarshen wa'adi, ba a kan ragowar bashi ba. Suna iya ce maka kashi 6 ne, kamar na sama. Amma miliyan 10 a shekara 20 ta wannan hanyar ruwansa miliyan 12 ne, kuɗin wata 91,667, ba 71,643 ba. Don haka ka tambaya ƙarara: a kan ragowa ake lissafi ko a kan asali? Kuma ka nemi jadawalin biya a rubuce, wata bayan wata.

Sai zaɓi tsakanin ruwa tsayayye da mai sauyawa. Tsayayye yakan fara da ɗan tsada, amma ka san abin da ke gabanka. Mai sauyawa yakan fara da rahusa, sannan ya bi kasuwa. A Ingila, inda aka saba tsayar da ruwa na shekara 2 ko 5 kawai, babban bankin ƙasar ya ɗaga ruwansa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023, waɗanda wa'adin tsayayyen ruwansu ya ƙare a lokacin suka tarar da kuɗin wata ya yi tsalle. Kafin ka yarda da mai sauyawa, ƙara kashi 3 a kan ruwan ka sake lissafi. Miliyan 10 a shekara 20, da ruwan kashi 9 ne, kuɗin wata 89,973 zai zama. In ba za ka iya ɗaukar wannan ba, ka haƙura da mai sauyawa.

Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana da hanyoyin bankin Musulunci. A murabaha banki ne ke sayen gidan ya sayar maka da ribar da aka yanka tun farko, sai a raba jimillar da yawan watanni, lissafin a fili yake. A musharaka mai raguwa kuwa kai da banki kuke mallakar gidan tare, kana biyan hayar kasonsa kana sayen kason kaɗan-kaɗan. A nan ka tambayi sau nawa ake sake duba kuɗin hayar, domin yana iya hawa.

Kafin alƙalami ma yana da tasiri. Da kashi 10 ka bayar maimakon 20, bashin zai zama miliyan 11.25, kuɗin wata a shekara 20 ya koma kusan 80,600. A Amurka, wanda ya ba da ƙasa da kashi 20 yawanci akan ɗora masa wata inshora da ke kare bankin, ba shi ba.

Duk alƙaluman nan na bashi ne zalla. Ka ɗora harajin gida inda ake karɓa, da inshorar gini, da abin da za ka riƙa warewa don gyara. Kuɗin lauya, na ƙiyasta darajar gida da na rajistar takardu sau ɗaya ake biyansu, amma a farko, lokacin da aljihu ya fi bushewa. Masu ba da lamuni a Amurka sun daɗe suna amfani da wani ma'auni: kuɗin gida kada ya wuce kashi 28 na abin da kake samu a wata kafin cire haraji, duk basussuka a haɗe kada su wuce kashi 36. Da wannan ma'aunin, mai biyan 71,643 yana buƙatar samun kusan 256,000 a wata, tun ba a sa haraji da inshora a ciki ba.