Direban da ya kai mu Fontana, ya kuma gyara mana lissafin kwana bakwai a tsaunukan Smoky

A watan Mayun 2024 ni da ƙanena muka taka ɓangaren turbar Appalachian, doguwar hanyar ƙafa ta cikin tsaunuka, wanda ya ratsa gandun dajin Great Smoky Mountains, a kan iyakar jihohin Tennessee da Karolina ta Arewa a Amurka. Kimanin mil 71 ne daga madatsar ruwan Fontana zuwa Davenport Gap. Turbar miƙaƙƙiya ce, inda ka shiga daban, inda za ka fito daban, kuma tsakaninsu tuƙi ne na fiye da awa biyu. Dole ka nemi wanda zai yi jigilarka. Mu wani dattijo muka samu, mai zaman kansa, da tsohuwar motarsa mai ɗaukar mutum bakwai. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai inda ya ɓata mana rai kuma zan faɗa, amma hidimarsa ta cancanci a yi bayaninta dalla-dalla saboda masu shirin irin wannan tafiya.

Kiran farko da na yi masa, farashi kawai nake son ji. Ya ce dala 200 mu biyu zuwa Fontana, da ƙarin dala 60 idan muna son ya kawo mana abinci a tsakiyar hanya. Sai ya tambaye ni kwana nawa muka tsara. Na ce biyar. Ya yi shiru, sannan ya ce in karanto masa wuraren kwanan ɗaya bayan ɗaya. Na karanto. Ya tambayi nauyin jakunkunanmu, ya tambaya ko mun taɓa hawan dutse kwana uku a jere da kaya a baya. Daga nan ya shafe kusan rabin awa yana warware mini lissafina, alhali ko sisi bai shiga hannunsa ba tukuna.

Ni raba 71 na yi gida biyar, na samu mil 14 a kullum, na ga mai yiwuwa ne. Shi kuwa da hawa yake auna hanya. Ya ce ranar farko kaɗai, daga madatsar da ke ƙasa da ƙafa 2,000 za mu haura zuwa sama da ƙafa 4,000 kafin mu isa rumfar kwanan matafiya ta Mollies Ridge, kuma a ranar ce jakar ta fi nauyi domin ba a taɓa abincin ba. Ya ce mil shida da ke tsakanin Spence Field da Derrick Knob, inda ake hawa Rocky Top da Thunderhead, sun fi mil goma na wani wurin cin rai, don haka mu ba su yini guda su kaɗai. A taswira wurin bai nuna wani abin tsoro ba. Da muka je muka tarar da hawa da sauka ne gajeru-gajeru, masu tsini, cike da duwatsu da saiwoyi, ka gama wannan ka tarar da wancan yana jiranka. Mun isa Derrick Knob da la'asar gwiwoyinmu na rawa. Ƙanena ya sauke jaka ya zauna a bakin rumfa ya ce, "Yaya, da a ce lissafinka muka bi, yanzu saura mana mil takwas." Da ɗan gari akan ci gari, a ranar na ƙara yarda da wannan magana.

Dalilin da ya sa gyaran nan yake da muhimmanci tun kafin a bar gida shi ne dokar gandun. A nan ba ka kafa tanti inda ka ga dama. Mai taka ɓangare kawai, irinmu, sai ya kama gurbi a kowace rumfa da ranar da zai kwana a cikinta, kuma ba a kwana biyu a jere a rumfa ɗaya. Masu doguwar tafiya, waɗanda suka faro aƙalla mil 50 kafin gandun kuma za su wuce shi da mil 50, takardar izininsu daban ce, tana ba su sassauci. A lokacin da muka je, ana buɗe kama gurbi kwana 30 kafin daren farko, kuɗin kuma dala 8 ne ga kowane mutum a kowane dare, ba ya wuce dala 40 jimla. Rumfunan kan ɗauki mutum 12 galibi, don haka wanda ya yi jinkiri zai tarar an cika. Dattijon ya ce in zauna gaban kwamfuta da safiyar ranar da za a buɗe, da jerin farko da na biyu a hannu, kuma in fara duba Icewater Spring domin ita ce mafi saurin cika saboda kusancinta da titi. Haka aka yi, gurbi uku suka rage a cikinta lokacin da na shiga. Jerinmu ya tsaya a kan dare bakwai: Mollies Ridge, Spence Field, Derrick Knob, Double Spring Gap, Icewater Spring, Tricorner Knob, sai Cosby Knob.

Shi ne kuma ya dage mu ajiye motarmu a ƙarshen tafiyar, a filin ajiye motoci na Big Creek, shi ya kai mu mafari. Hujjarsa mai sauƙi ce: idan motarka tana jiranka a gaba, ba ruwanka da agogon kowa a ranar ƙarshe, kuma a ƙasan kwarin nan da wuya waya ta samu sabis. Ya tuna mana da takardar ajiye mota da gandun ya fara karɓa a Maris ɗin 2023, dala 5 ta yini, 15 ta mako, 40 ta shekara. Ta shekara muka saya, domin ta mako ba za ta kai mu ba.

Ranar tafiya ya riga mu isa Big Creek, gari bai gama wayewa ba. Motar ta sha jiki, tana warin jiƙaƙƙen takalmi, kujerar baya an lulluɓe ta da tsohon bargo. Amma tuƙinsa na natsuwa ne, ko a kwanonin nan masu juya ciki bai sa mun ji tsoro ba. A gaban motar akwai wani littafin rubutu da ya sha hannu, gefunansa duk sun nannaɗe. Duk matafiyin da ya ɗauko daga daji sai ya tambaye shi halin ruwa: wane idon ruwa ne ke gudu sosai, wanne ne ya koma ɗigo, wace rumfa aka ga beyar, wata babbar dabbar daji mai ƙarfi, a kusa da ita. Ya rubuta da kwanan wata. A hanya ya miƙo mini littafin ya ce in kwafi na makon nan. Turbar a doron tsauni take tafiya, ruwa kuwa a ƙasa yake, sau da yawa sai ka gangara gefe ka ɗebo ka tace. Sanin inda za ka cika gora biyu da inda ɗaya ta isa yana rage maka nauyi na gaske. Ban ga wata manhaja da ta ba ni labari sabo kamar na littafin nan ba.

Maganar beyar ma ya yi mana ita ba tare da tsoratarwa ba. An ƙiyasta akwai baƙaƙen beyar kimanin 1,900 a gandun, kuma doka ta hana kusantarsu ƙasa da yadi 50. Ya ce idan muka gamu da ɗaya kada mu gudu, mu ja da baya a hankali muna fuskantarta, muna magana da ƙarfi. A kowace rumfa akwai igiyoyin ƙarfe da aka ɗaura tsakanin bishiyoyi, da ƙugiya a jiki. Kana kwance igiyar daga gindin bishiya, ka sauko da ƙugiyar, ka rataya kaya, ka ja har su yi sama, sannan ka mayar ka maƙale. Ya ce kada mu tsaya ga abinci kaɗai, har man goge baki da shara da tukunyar da muka dafa a ciki su hau sama, kuma gara mu rataye jakar gaba ɗaya cikin leda saboda ɓerayen rumfa. A daren farko wani maƙwabcinmu ya bar jakarsa a gefen kansa da ɗan guntun abu a aljihu, da safe ya tarar an huda ta. Beyar kuwa a rana ta biyu muka ganta, kusa da Russell Field, uwa da 'ya'ya biyu suna tono a ƙarƙashin wani ruɓaɓɓen kututture. Muka tsaya, muka ja baya, ƙanena na ta magana da ƙarfi muryarsa na rawa. Ta ɗago ta dube mu, ta kaɗa 'ya'yanta suka gangara.

Dattijon ya sauke mu a bakin madatsar, wadda aka kammala a 1944, tsayinta ƙafa 480, kuma turbar a kanta take bi. Ya ɗaga jakata da hannu ɗaya ya girgiza kai, ya sa na fitar da wando na uku da babbar fitila, ya ce zai riƙe mini su. Rigar sanyi kuwa da na so in bari, ya ce ko kusa.

Yanzu ga inda ya gaza. Mun yi da shi zai same mu a Newfound Gap ranar ta biyar da ƙarfe uku, da abincin sauran kwanakin da gwangwanin gas. Nan ne titin 441 ya ratsa turbar, wajen mil 40 daga Fontana, kuma nan ne Shugaba Franklin Roosevelt ya ƙaddamar da gandun a 1940. A ranar mun tashi da sassafe daga Double Spring Gap, muka haura ƙololuwar da a lokacin ake kira Clingmans Dome, wadda a Satumban 2024 aka mayar mata da sunanta na harshen Cherokee, 'yan asalin yankin, wato Kuwohi. Tsayinta ƙafa 6,643, babu inda ya fi ta tsayi a duk turbar daga Jojiya har Maine. Hazo ya rufe ko'ina, daga hasumiyar da ke kanta ba ma ganin komai sai kututturan bishiyoyin da ƙwari suka kashe, tsaye fari fat. Daga nan ruwa ya tsuge, bai tsaya ba. Mun isa Newfound Gap kafin uku, a jiƙe sharkaf. Muddin kana tafiya jikinka da ɗumi, da ka tsaya sai sanyi ya shiga ƙashi. Uku ta wuce, huɗu ta wuce. Muka raɓe jikin ginin banɗaki, iska na kaɗawa, leɓen ƙanena ya fara canza launi, yatsuna sun kasa buɗe zif. Rigar da dattijon ya hana ni bari ita na sa wa ƙanena. Na aika saƙo sau uku, ban san ko sun tafi ba. Sai wajen biyar saura ya iso. Ya ce ya karɓi wata jigila da safe yana zaton zai dawo a kan lokaci, cunkoson motoci ya riƙe shi. Gandun nan mutum fiye da miliyan 12 suka ziyarce shi a 2024, shi ya fi ni sanin halin titin, don haka uzurin bai gamsar da ni ba. Mutumin da ya san abin da jiƙa da tsayuwa ke yi wa jiki a ƙafa 5,000 bai kamata ya haɗa alƙawari biyu a yini ɗaya ba. Na faɗa masa haka a fuskarsa. Bai yi musu ba, ya ba mu haƙuri, ya sa muka shiga motar ya kunna ɗumi har muka daina karkarwa, ya rage dala 20. Kayan kuwa babu abin da ya ɓace, har safa busasshiya ya ƙaro mana daga aljihunsa. Duk da haka sauran mil uku zuwa Icewater Spring da ɓacin rai na taka su.

Wani ƙaramin abu kuma: ba ya saurin amsa saƙon waya, wani lokaci sai bayan kwana biyu, kuma tsabar kuɗi kawai yake karɓa. Kira ya fi aiki a wurinsa, da yamma.

Rabin na biyu ya zo mana da sauƙi kamar yadda ya faɗa. Gari ya washe a Charlies Bunion, muka zauna a kan dutsen muna kallon kwari a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ya ce kada mu bar hasumiyar Mount Cammerer ko da ƙafa ta gaji, ɗan ratse ne daga turbar, kuma ya yi gaskiya.

Zan sake ɗaukarsa, amma da sharaɗi. Zan tambaye shi kai tsaye ko yana da wani aiki a ranar kawo abinci, zan sa alƙawarin da hantsi ta hanyar kwana a Mount Collins da ke kusa, kuma zan riƙe abincin dare ɗaya da busasshiyar riga a jaka ko da zai makara. Duk direban da za ka ɗauka, ka tambaye shi ko yana da izinin gandun na yin jigila, kuma ka kira shi kafin ka kama gurbi, domin bayan an kama gyara yana da wuya. Ka kuma tambayi halin hanya, domin guguwar Helene ta ƙarshen Satumban 2024 ta lalata babban titin I-40 a kwazazzabon kogin Pigeon, daf da Davenport Gap.

A rana ta takwas muka bar turbar muka gangara ta Chestnut Branch zuwa Big Creek. Motarmu na nan inda muka bar ta. A ƙarƙashinta, bayan tayar gaba, akwai leda a ɗaure: wandona da fitilata ne, da 'yar takarda yana roƙon mu kira shi mu gaya masa halin ruwan Tricorner Knob da Cosby Knob, saboda wasu mutum huɗu da zai kai Newfound Gap washegari. Da muka samu sabis a hanya, ƙanena ya karanto masa abin da muka rubuta, muna jin ƙarar takarda yana juya shafi.