Nord Stage 3 ko Yamaha MODX: wanne ya fi daɗin haɗa sauti da tura shi ga abokin kiɗa?

Malam, ka ce ka daɗe kana aiki da fiyanon Yamaha PSR irin wanda ya cika ɗakunan naɗar waƙa na Kano, yanzu kuma kana son ka koma ga fiyanon dandamali, zaɓinka ya tsaya tsakanin Nord Stage 3 da Yamaha MODX. Abin da kake son sani shi ne wanne ya fi sauƙin haɗa sautinka na kanka, har da kalangu da algaitar da ka naɗa da hannunka, kuma wanne ya fi sauƙin tura wa abokan ƙungiyarku abin da ka haɗa. A ganina Nord ya fi saurin haɗa sauti nesa ba kusa ba, amma ga irin bukatar da ka bayyana MODX zan nuna maka, kuma ga dalilaina.

Nord Stage 3, wanda kamfanin Clavia na birnin Stockholm a ƙasar Suwidin ya fitar a 2017, an gina shi ne a kan cewa kusan duk abin da makaɗi zai taɓa yana da maɓallinsa ko abin murɗawarsa a fuskar fiyanon. Sassa uku ne a jere, sashen fiyano da na ogan da na sintesaiza, kuma kowannensu biyu ne domin akwai ɓangaren A da ɓangaren B, saboda haka sauti shida ne iyakar abin da za ka ɗora wa juna a haɗi ɗaya. Idan kana son fiyano a hannun dama, bes a hannun hagu, da sautin kayan tsirkiya yana shimfiɗe a ƙarƙashinsu, za ka kunna sassan, ka zaɓi inda madannai za su rabu, ka murɗa amsa-kuwwa gwargwadon yadda kunnenka ya so, sannan ka danna maɓallin ajiya. Abin da ka ajiye shi Nord ke kira Program, kuma akwai gurbi 400 na ajiye su. Mutumin da ya saba yana iya gama wannan aikin a tsakanin waƙa da waƙa, mawaƙi na gaisawa da jama'a shi kuma yana gyara sautinsa. Akwai kuma wasu gurabe biyar da ke ajiye duk canjin da ka yi da kansu ba tare da ka danna komai ba, waɗanda suke da amfani ƙwarai a lokacin gwaji. Sai dai ka tuna sabon Nord yana zuwa da kariyar ma'ajiya a kunne, sai ka kashe ta a cikin saituna kafin ya yarda ya ajiye maka komai.

MODX, wanda ya fito a 2018 a matsayin ƙanin babban fiyanon Yamaha Montage na 2016, tafiyarsa daban ce. Haɗin sauti a wurinsa sunansa Performance, yana ɗaukar sashe har 16, takwas daga ciki kana iya kaɗa su kai tsaye a kan madannai lokaci guda. Kowane sashe kuma yana amfani da ɗaya daga injina biyu: AWM2, wanda ke kunna naɗaɗɗen sauti kuma yake ba ka damar jera ƙananan sautuka har takwas a cikin sashe ɗaya, ko FM-X, jikan fasahar da ta yi wa fiyanon Yamaha DX7 suna tun 1983, wanda ke ƙirƙirar sauti ta lissafi. Wannan zurfin yana da farashinsa, domin abubuwan murɗawa huɗu ne kawai da na ja huɗu a fuskar fiyanon, sauran aikin duk a allon taɓawa ake yinsa, shafi a cikin shafi. Makon farko yakan gundiri mai koyo, musamman idan ya zo ɗaura abubuwa da yawa a kan babban abin murɗawar nan da ake kira Super Knob, wanda murɗa shi sau ɗaya ke iya rage fiyano, ya ƙaro ƙaho, ya buɗe amsa-kuwwa duk a tare. Nord ma yana da irin wannan dabarar, inda kake ɗaura canje-canje a kan wili ko feda, kuma ɗaurawar ta fi sauƙi ƙwarai: ka riƙe maɓalli ka murɗa abin da kake so, shi ke nan.

Inda maganar ta fi shafarka shi ne kalangu da algaita. Duka fiyanonin biyu suna karɓar sautin da ka naɗa, amma yadda suke riƙe shi ya bambanta. A Nord sai ka bi ta kwamfuta, ka saka naɗe-naɗenka a manhajar Nord Sample Editor wadda kyauta ce, ta jera maka su a kan madannai, sannan ka tura su cikin ma'ajiyar sintesaiza mai girman megabait 480. Manhajar tana da sauƙi kuma sakamakon yana da tsabta, sai dai kowane madanni naɗi ɗaya yake ɗauka, wato ko ka taɓa a hankali ko ka buga da ƙarfi naɗin nan guda ne zai fito, ƙararsa da kaifinsa kawai ke canzawa. Ga sarewa ko sauti mai tsawo wannan ba babbar matsala ba ce, amma ga ganga matsala ce, domin bugun gula a tsakiyar fata da bugun yatsa a gefe sautuka ne mabambanta, kuma kunnen Bahaushe ba ya ɓata wajen gane kalangun da ke maimaita bugu ɗaya tak.

MODX yana karanta fayil ɗin WAV, wato fayil ɗin naɗaɗɗen sauti, kai tsaye daga filas ba tare da kwamfuta ba, yana da gigabait 1 na ajiye naɗe-naɗenka, wanda aka ƙara zuwa 1.75 a MODX+ na 2022. Kana iya sa naɗi dabam ga taɓawa mai laushi da wani ga bugu mai ƙarfi a kan madanni ɗaya, kana kuma iya umartarsa ya riƙa juya naɗe-naɗe bi da bi ko a cakuɗe domin kada bugu biyu a jere su zama iri ɗaya. Yana da sashen ganguna na musamman mai madannai 73, kowanne da nasa sautin da nasa saiti. Matsa tsarkiyar kalangu da ke ɗaga murya kuwa, da abin lanƙwasa sauti ake kwaikwayonsa a duka biyun, wili a MODX, ɗan sandan katako a Nord, amma MODX yana barinka ka sa wa kowane sashe iyakar lanƙwasawarsa. Haka nan yana da wurin gyara tazarar muryoyi, har da tsare-tsaren Larabawa da ya zo da su, abin da zai taimake ka idan algaitarka ba ta zauna daidai a kan ma'aunin fiyanon Turawa ba. Tun da daga PSR ka fito, ya kamata ka san cewa babu ɗayansu da ke da salon rakiya mai gabatarwa da amshi da rufewa irin wanda ka saba da shi; MODX yana da dubban jerin bugu da za su riƙe maka ganga, Nord kuwa ba a yi shi domin wannan aikin ba sam.

Kafin a zo kan turawa, akwai abu ɗaya da ya kamata a fahimta domin shi ne tushen yawancin rikicin da ake samu. Fayil ɗin haɗin sauti ba ya ɗauke da sautin kansa, bayani ne kawai na cewa a ɗauko naɗi kaza, a yi masa gyara kaza, kamar takardar awo da ake kai wa tela wadda ba ta zuwa da yadi. Idan naɗin da haɗin ke nema babu shi a fiyanon abokinka, zai loda fayil ɗin lafiya lau amma ya ji shiru a sashen, ko fiyanon ya sanar da shi cewa bai sami sautin ba.

A Nord duk wata shiga da fita ta manhajar Nord Sound Manager ake yinta, a kwamfuta mai Windows ko Mac da igiyar USB, domin Stage 3 ba shi da ramin saka filas. Wannan ne babban cikas ga wanda ba ya yawo da kwamfuta: ko abokinka ya turo maka fayil ta WhatsApp kuna wurin biki, ba ka da hanyar saka shi sai ka koma gida. Amma idan akwai kwamfutar, tsarin yana da kyau matuƙa. Kana iya fitar da haɗi guda ɗaya, fayil mai ƙarewa da ns3f wanda bai kai girman hoton waya ba, abokinka ya jefa shi a duk gurbin da ya ga dama ba tare da ya taɓa sauran abubuwan da ya ajiye ba. Idan haɗin ya dogara da naɗinka na kanka, sai ka fitar da shi a ƙunshe, wato manhajar ta tattara haɗin da duk sautukan da yake bukata a fayil guda. A nan sai a kula da data, domin babban fiyano ɗaya na rumbun Nord yana iya kai megabait 200. Tun da rumbun sautukan Nord kyauta ne ga kowa a shafin kamfanin, abin da ya fi shi ne ka tura ƙaramin fayil ɗin tare da sunan fiyanon da ka yi amfani da shi, ka bar ƙunshi ga naɗe-naɗen da ba a samunsu a ko'ina sai wurinka.

Yamaha ya juya lamarin. Filas kawai kake bukata, amma abin da yake fitarwa ba haɗi ɗaya ba ne, dukkan ma'ajiyarka ce mai gurbi 640, a fayil mai ƙarewa da X8U, tare da naɗe-naɗenka da jerin waƙoƙin da ka tsara. Haɗarin da ke nan babba ne: idan abokinka ya loda wannan fayil ɗin a matsayin ma'ajiyarsa, zai shafe duk abin da ya haɗa a baya. Hanyar da ta dace ita ce ka fitar masa da fayil ɗin laburare mai ƙarewa da X8L, ya loda shi a ɗaya daga gurabe takwas da aka ware wa laburare, ya saurara, sannan ya kwaso waɗanda suka yi masa zuwa ma'ajiyarsa, inda fiyanon zai jawo naɗe-naɗen da suke bukata tare da su. Idan haɗi biyu ko uku kawai kake son bayarwa, aikin yana da ɗan wahala, domin sai ka ajiye kwafin komai a filas, ka rage ma'ajiyar zuwa abin da za ka bayar, ka fitar, sannan ka mayar da naka. Wannan ɗawainiya ce da Nord ya hutar da masu shi, kuma ban ga dalilin da zai sa a ɓoye ta ba.

Ga haɗin da bai dogara da naɗinka ba, Yamaha yana da Soundmondo, dandalin da ya fara buɗewa domin ƙananan fiyanoninsa na reface, inda ake jona fiyano da burauzar Chrome ko manhajar iPhone a ɗora haɗi guda ko a sauko da na wasu. Yana da kyau wajen koyon yadda ƙwararru ke gina sauti, sai dai ba ya ɗaukar naɗe-naɗe, don haka kalangunka ba zai bi ta nan ba.

Sai batun wanda za ka tura wa, wanda a ganina ya kamata ya rinjayi sayayyarka fiye da komai. Haɗin Nord ba ya aiki a Yamaha, na Yamaha ba ya aiki a Nord, kuma ko a cikin gida ɗaya akwai shinge, domin haɗin Stage 3 ba ya buɗewa a Stage 4 da ya fito a 2023, ko da yake naɗe-naɗen da fiyanonin rumbu suna wucewa. MODX ya fi faɗin dangi, yana karanta fayilolin Montage da na tsofaffin fiyanonin Yamaha Motif XS da XF, abin da ke nufin akwai tarin sautuka na shekaru masu yawa da za ka gada. Sautukan faɗaɗawa da ka tara a PSR kuwa ba sa shiga MODX kai tsaye duk da cewa kamfani ɗaya ne, saboda haka ka adana ainihin naɗe-naɗenka na WAV, da su za ka sake gini. Abin da babu shinge a kansa ke nan: WAV mai tsabta, kowane bugu a yanke da sunansa, yana shiga Nord ya shiga Yamaha, kuma idan ƙungiyarku fiyanoni iri-iri gare ta, shi ya kamata ku riƙa musaya.

Idan aikinka fiyano ne da ogan a gaban jama'a, kana gyara sauti kana kiɗa, kuma kana da kwamfuta da kuɗin da ya haura ninkin na MODX, Nord ba zai ba ka kunya ba. Amma kai ganguna da kayan busa na gida kake son ɗorawa, kuma abokanka filas da waya ne a hannunsu, shi ya sa na ce MODX. Duk wanda ka saya, ka daidaita ƙarar haɗe-haɗenka kafin ka tura domin kada wani ya fi wani amo a tsakiyar wasa, ka rage amsa-kuwwa ƙasa da yadda take maka daɗi a abin sauraro na kunne tun da zauren taro yana ƙara tasa, ka kuma tabbatar manhajar cikin fiyanonku ta zamani ɗaya ce, domin fayil ɗin da aka ajiye a sabuwa yakan ƙi buɗewa a tsohuwa. Laburaren da ka saya da kuɗi a wurin masu sana'ar sauti kuma, yawanci lasisinsa na mutum ɗaya ne, saboda haka ka duba abin da ke cikin ƙunshin kafin ka jefa shi a zauren ƙungiya.