Motocin Layin Maraɗi zuwa Katsina: Abin da Suka Iya da Abin da Ya Rage Musu

Tsakanin Maraɗi da birnin Katsina bai cika kilomita 100 ba, amma wanda ba shi da motar kansa dole ne ya je tasha ya shiga motocin layi, waɗanda ke bi ta Jiratawa da Ɗan Isa su ƙetare iyaka su faɗa Jibiya. Tun da aka kafa jami'a a nan Maraɗi a 2010, wadda yanzu take amsa sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, layin ya samu sabbin fasinjoji bayan ƴan kasuwa da masu zumunci da aka saba gani. Ɗalibai ne da suka zo karatu daga Tawa, Damagaram, Agadas ko Yamai, suna jin labarin Katsina kullum a bakin mutanen gari, suna so su je su gane wa idonsu a ranar hutu. Domin su na rubuta wannan sharhi. A ganina motocin suna kai mutum inda za shi a kan kuɗin da talaka zai iya biya, direbobin kuma sun san hanyarsu ciki da waje, sai dai lokacin fasinja ba shi da daraja a wurinsu, kuma wanda bai shirya wa wannan ba zai ƙarar da yininsa a hanya, ya dawo bai ga komai na Katsina ba.

A tasha babu takardar da ke nuna ƙarfe nawa mota za ta tashi. Mota tana tashi ne idan ta cika, kuma cikar tana hannun Allah da hannun ƴan kamasho. Da mutum ya sauka daga kabu-kabu za su tarbe shi da fara'a, su karɓi jakarsa, su ce, "Malam, ka zo a daidai, mutum guda ya rage." Wani lokaci gaskiya ce, wani lokaci kuwa sai ka zauna ka tarar rabin waɗanda ke cikin motar ƴan rakiya ne ko masu neman inuwa, suna fita ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne aibin da ya fi damuna a layin, domin ba kuɗi yake ci ba, safiya yake ci, kuma safiya ce jarin duk mai son ya je Katsina ya dawo a rana guda. Wanda ya isa tasha bayan sallar asuba da ɗan kaɗan yakan samu motar ƴan kasuwa, wadda ke cika nan da nan saboda su ma sauri suke yi. Wanda ya bari hantsi ya dubi ludayi, to ya ɗaura ɗamarar jira. Ranar Lahadi, da kasuwar Jibiya ke ci, motoci sun fi saurin cika, amma cunkoson kan iyaka ma ya fi yawa.

Motocin kansu iri biyu ne: ƙananan motoci da kuma ƙananan bas-bas masu ɗaukar mutum goma sha wani abu. Galibinsu sun ga jiya sun ga yau, amma injinansu na da lafiya, domin direban da ke wannan hanya kullum ba ya wasa da abin da yake ci da shi. Inda ake tauye fasinja shi ne wurin zama. A ƙaramar mota ana sa mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, sannan a cika bayan motar da buhunan aya ko wake har murfin ya ƙi rufuwa, a ɗaure shi da igiyar roba. Na taɓa ganin wata dattijuwa da ke tafiya suna a Katsina ta riƙe ƙwaryar turmin atamfa da kayan jariri a kan cinyarta tun daga Maraɗi har iyaka, saboda babu inda za a ajiye mata ita ba tare da buhu ya danne ta ba. Abin da ya burge ni shi ne yadda direban, ba tare da kowa ya roƙe shi ba, ya sauko da wani saurayi daga gefen taga ya ce, "Inna, dawo nan ki sha iska." Irin wannan ladabi ga tsofaffi da mata masu goyo na gan shi sau da yawa a layin, kuma ya cancanci a faɗe shi. Wanda ke da hali yana iya biyan kuɗin mutum biyu ya zauna shi kaɗai a gaba, ba kuma wanda zai ga laifinsa.

Kuɗin mota daga Maraɗi da sefa ake biya, kuma ba ya tsayawa wuri guda, domin yana bin farashin mai da darajar naira. Tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, man da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya ya daina araha irin ta da, kuɗin mota kuma ya bi shi sama. Duk da haka ban taɓa ganin an caji baƙo fiye da ɗan gari a kuɗin kujera ba. Inda ciniki yake shi ne kuɗin kaya, kuma ya kamata a gama shi kafin a ɗora kayan. Ɗalibin da ba ya ɗauke da komai sai ƴar jakarsa ba shi da wannan damuwa. Game da canji, akwai ƴan canji a Maraɗi da kan iyaka, da damman naira a gabansu. Shawarata ita ce mutum ya tambayi biyu ko uku kafin ya canza, ya ƙirga a gabansu, ya kuma nemi ƙananan takardu, domin mai keke a Katsina ba kullum yake da canji ba.

Da mota ta bar gari, tafiyar tana da daɗi. A Jiratawa ana hango gonakin ban-ruwa kore shar ko da rani ne, abin da ɗalibin sashen noma zai so ya dube shi da kyau, domin kwarin Gulbin Maraɗi ne ake bi, gulbin da ke gangarowa daga ƙasar Katsina, wanda aka yi wa madatsar ruwa a Jibiya. Daga nan sai Ɗan Isa, inda aikin takardu ke farawa. A nan ne ƙwarewar direban ke bayyana, kuma a nan ne nake ba layin babban yabo. Direban kirki yakan tambayi fasinjojinsa tun a tasha ko kowa na da katin ɗan ƙasa, ya gaya musu inda za a sauka a taka da ƙafa da inda za a zauna cikin mota, ya kuma tsaya ya jira wanda aka riƙe ana yi masa tambayoyi maimakon ya tafi ya bar shi. Ɗalibi ya riƙe katin ɗan ƙasarsa mai rai, da katin makaranta, da katin rigakafi idan yana da shi, ya amsa abin da aka tambaye shi cikin natsuwa. Shingaye suna da yawa, musamman tsakanin iyaka da Katsina, kuma su ne ke mayar da tafiyar da ba ta kai ta sa'a biyu ba ta zama ta rabin yini a wasu ranaku.

Ya kamata kuma a san cewa wannan iyaka ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe ta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli na 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024, sannan Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairu na 2025. Saboda haka kafin ranar tafiya yana da kyau mutum ya leƙa tasha ya tambayi direbobi halin da ake ciki da takardun da ake nema, domin labarin da ke bakinsu na jiya ne, ba na bara ba.

Aibi na biyu shi ne juye. Wata motar takan yi lodi da sunan Katsina, amma da an isa Jibiya sai direban ya ga fasinjojinsa sun ragu, ya yi magana da wani direban can, ya ce kowa ya sauko ya koma waccan motar. Ba a ƙara wa mutum ko dala, gaskiya ne, amma sabuwar motar ita ma sai ta cika, jira ya dawo sabo. Wannan bai dace ba. Wanda ya karɓi kuɗin Katsina ya kamata ya kai mutum Katsina, ko ya faɗa masa tun farko cewa iyakarsa Jibiya. Tambaya ɗaya a tasha, a gaban shaidu, takan rage wannan matsala: "Direba, kai za ka shiga da mu gari, ko juye za ka yi?"

Wanda ya yi sammako ya isa kafin azahar zai ga cewa wahalar ba ta tafi a banza ba, musamman ga mazaunin Maraɗi, domin tarihin garuruwan biyu igiya ɗaya ce. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina wajen 1807, aka ba Ummarun Dallaje tuta, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsa a Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har gobe ake kiran sarkinmu Sarkin Katsinan Maraɗi. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba ƙasa, amma aure da ciniki da karatu ba su yanke ba. Birnin da mutum zai tarar yau shi ne hedkwatar jihar Katsina, wadda aka cire daga jihar Kaduna a 1987, kuma daga tasha keke mai ƙafa uku zai kai shi duk inda yake so a cikin gari.

Idan lokaci gajere ne, wuri uku sun isa. Na farko Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kimanin mita 15, wadda ake danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, lokacin da Katsina ke tashen malamai da fatake. Wanda ya tsaya a gindinta ya ga kaurin bangon da yadda ginin ke tsukewa yana hawa, zai fahimci abin da maginan Hausa suka iya da jar ƙasa da azara. Na biyu tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga bisani ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Yanzu gidan tarihi ne, kuma ɗalibin jami'a ya kamata ya shiga waɗannan ƙananan ɗakunan ƙasa ya ga inda manyan Arewa suka zauna suka koyi boko. Na uku Ƙofar Soro, gaban fadar sarki, inda ake hawan sallah. Wanda ya samu sarari yana iya zagayawa ya ga ƙofofin gari irin su Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga da Ƙofar Marusa, ko ya ziyarci kushewar Wali Ɗan Marina. Jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa tana wajen gari, don haka mai son ganinta gara ya ware mata wata rana, ko ya shirya kwana.

Komawa ita ce ke buƙatar hankali fiye da zuwa. Yankin Jibiya ya sha fama da ƴan bindiga a shekarun nan, kuma direbobin da kansu ba sa son dare ya riske su a wannan hanya. Da an yi sallar la'asar motocin Maraɗi sukan fara ƙaranci, waɗanda suka rage kuma sukan cika da kaya, robobi da taliya da sabulu, wanda duba su a kan iyaka ke ɗaukar lokaci. Don haka mutum ya kasance a tasha kafin la'asar, ya zaɓi motar da mutane suka fi kaya yawa a cikinta. Idan ya makara, ya kwana a Katsina ya bi motar safe, kada ya yarda da wanda zai ce masa akwai wata gajeriyar hanya ta daji. Ya kuma sanar da wani a gida lokacin da ya taso, tun kafin layin wayarsa ya ɗauke.

Ana aikin shimfiɗa layin dogo daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya ya ƙare a Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021. Ranar da jirgi ya fara tashi a kan lokacinsa, ɗalibai da ma'aikata za su koma can, kuma zan yi baƙin ciki idan hakan ya karya direbobin da suka riƙe wannan hanya shekara da shekaru. Roƙona ga shugabannin tasha shi ne su ware ko da mota ɗaya ce a ranakun Asabar da Lahadi, ta fasinja zalla ba ta buhu ba, wadda za ta tashi ƙarfe 7 na safe ko ta cika ko ba ta cika ba, ta shiga Katsina kai tsaye, ta kuma juyo ƙarfe 3 na yamma. Ɗaliban jami'a kaɗai sun isa su cika ta, kuma na tabbata da yawa daga cikinsu za su yarda su ƙara ɗan wani abu a kan kuɗin kujera.