Kwamfutarka ta wasa tana ɗaukewa: me za ka fara saya?

Duk wanda ya kawo mini kukan kwamfutarsa ta tebur tana mutuwa ana tsakiyar wasa, ya riga ya yanke hukunci: sabon katin hoto, wato sashen da ke zana hotunan wasa a allo, zai saya. Nakan ce masa ya dakata tukuna. Katin nan shi ya fi komai tsada a cikin akwatin, kuma a abin da idona ya gani a nan Yamai, ba kasafai laifin yake zama nasa ba.

Fara da lura da yadda take mutuwar. In ta ɗauke ɗif kamar an zare waya daga bango, sannan ta tashi da kanta, duba Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, za ka tarar da saƙon Kernel-Power 41. Wannan shaida ce kawai cewa ba a kashe ta bisa ƙa'ida ba, amma zargi ya fi karkata ga wuta ko zafi. In shuɗin allo take kawowa, yau wannan saƙo gobe wancan, RAM ake tuhuma, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta. In wasan kaɗai ke rufewa, sake saka manhajar katin hoton, wannan ko dala ba zai ci maka ba.

Zafi ya fi arhar magani. A Afrilu da Mayu rana takan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta kwanta a ciki. Kwamfutar ƙanena da na buɗe bara, ƙura ta dunƙule tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya kamar auduga, man sanyaya da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuwa ya bushe, yana ɓarewa kamar alli. Muka hure, muka sa sabon mai, shi ke nan. Saka manhajar HWiNFO ka kalli zafin furosesa kana wasa: iyakar yawancin furosesa Ryzen 7000 digiri 95 ce, yawancin na Intel 100.

Inda kuɗi ke salwanta shi ne batun wuta, don abu uku ne mutane ke haɗawa wuri ɗaya: akwatin wuta, istabilaiza da ondula. Akwatin wuta na ciki, wanda masu gyara ke kira alimantasiyon, shi ke ciyar da komai. Nvidia, mai ƙera katin hoto, ta ba da shawarar akwatin wuta mai wat 550 ga katin RTX 3060, 650 ga 3070, 750 ga 3080. In kwamfutar tana mutuwa daidai lokacin da wasa ya yi nauyi alhali fitilar ɗaki ko ƙiftawa ba ta yi ba, akwatin wutan za ka canja. Kada ka sayi na hannu, don Allah. Ba ka san irin wahalar da ya sha ba, kuma in ya ƙone yana iya tafiya da wasu kayan. Tambarin 80 Plus da ke jikin akwatin wutan ma tanadin wuta yake aunawa, ba lamunin inganci ba ne.

Istabilaiza tana daidaita wuta in ta yi ƙasa ko sama da bolt 220, amma in an ɗauke, ita ma ta ɗauke. Ondula kuwa yana da batir, zai riƙe ka ƴan mintoci ka kashe cikin natsuwa. Ni ondula mai daidaita wuta a cikinsa nake zaɓa, aikin biyu ke nan. Sai dai ka karanta jikinsa da kyau: ma'aunin VA da ake rubuta masa ba wat ba ne, mai VA 1000 sau da yawa wat 600 yake ɗauka. Nemi wanda aka rubuta wa “pure sine wave”, wato mai ba da wuta irin ta bango, don akwatunan wuta na zamani wasunsu kan mutu a daidai lokacin da ondula mai arha ya koma kan batir. Kuma ka ajiye shi inda iska ke shiga, zafi na cinye batirinsa da wuri.

RAM kuwa kada ka saya sai ka gwada. Kashe XMP ko EXPO, saitin da ke ƙara wa RAM gudu, a BIOS, wato shafin saiti da ake shiga kafin Windows ta tashi, bar manhajar gwajin RAM ta MemTest86 ta kwana tana aiki, sandar RAM ɗaya bayan ɗaya. In za ka saya, RAM irin DDR4 ba ta shiga gurbin DDR5.

Katin hoto sai a ƙarshe. Kai shi gidan aboki ku saka a tasa kwamfutar ku yi wasa na awa biyu. In can ma ya kawo zane-zane a allo ko ya ɗauke, to ka fara tambayar farashi.